Sayen kwamfutar aiki: kasafin ya fara daga RAM da madabod

Duk wanda ya taɓa ganin takardar neman farashi da ofisoshinmu ke aika wa 'yan kasuwa idan za a sayi kwamfuta ya san yadda ake rubuta ta. Layin farko sunan furosesa ne, Core i7 ko Core i9 ko Ryzen 9, da manyan baƙaƙe. RAM kan zo can tsakiya da lamba ɗaya tak, a ce 16GB, ba a faɗi ko DDR4 ne ko DDR5 ba, ba a faɗi sanda ɗaya ce ko biyu ba. Madabod kuwa, babban allon nan da ake dasa kowane sashe na na'urar a kansa, sau da yawa ba ya cikin takardar ma sam. Ɗan kwangila ya san da wannan giɓi. Zai kawo furosesar da aka rubuta, ya ɗora ta a kan allo mafi araha da ya samu a Computer Village ta Ikeja ko Banex ta Abuja, ya cika sharaɗin takarda ba tare da ya yi ƙarya ko ɗaya ba. A ganina wannan tsari a juye yake. Kwamfutar da za ta ɗauki aiki mai nauyi, irin zanen gine-gine, tace fim, haɗa taswira ko manyan jadawalin lissafin kuɗi, ya kamata kasafinta ya fara daga RAM da madabod, abin da ya rage a sayi furosesa da shi. A cikin zaɓen su biyun kuma, a fifita abin da ba ya kuskure a kan abin da ke ɗauke da babbar lambar gudu a jikin kwali.

Dalilin farko yana cikin yadda na'urar ke aiki. Faifan ajiya, wato SSD ko tsohon faifai mai juyawa, rumbu ne. RAM turmi ne, furosesa kuma mai daka. Komai ƙarfin mai daka, idan turmin ƙarami ne, rabin yininta zai tafi a zirga-zirga tsakanin turmi da rumbu. Haka yake faruwa a zahiri: idan RAM ya cika, Windows kan kwashe wani ɓangare na aikin ya ajiye a faifai, ya dawo da shi idan an nema, kuma ko SSD mafi sauri yana jinkirin amsawa sau ɗaruruwa fiye da RAM. A lokacin ne linzamin kwamfuta ke tsayawa cak, injiniya ya zauna yana kallon zanensa ya ƙi motsi, alhali furosesar da aka kashe maƙudan kuɗi a kanta tana zaune ba ta aikin komai. Microsoft ta sa 4GB a matsayin mafi ƙarancin abin da Windows 11 ke buƙata, amma wannan ma'aunin tashin na'ura ne kawai. Adobe da kanta tana ba da shawarar 16GB ga mai tace bidiyon HD a Premiere Pro, da 32GB ko fiye ga mai aikin 4K, kuma wannan lissafin manhaja ɗaya ne. Mai tace fim a Kano ba ya buɗe manhaja ɗaya. Akwai ta gyaran launi, akwai ta sauti, akwai shafukan intanet barkatai a buɗe a gefe. Ba sai an yi gardama a kan adadin ba, domin ana iya auna shi. A buɗe Task Manager a tsohuwar kwamfutar ma'aikacin da za a saya wa sabuwa, a tsakiyar aikinsa mafi nauyi, a duba shafin da ke nuna amfanin RAM. Idan layin ya manne a sama yayin da na furosesa ke yawo a ƙasa, an ga inda ciwon yake, kuma sabuwar Core i9 ba za ta warkar da shi ba.

Za a ce, to ai rage kuɗin furosesa rage ƙarfin na'ura ne. Wani lokaci haka ne, musamman ga mai fitar da dogon bidiyo ko hoton gini mai siffa uku, inda yawan ƙwayoyin furosesa ke rage lokacin jira kai tsaye. Amma manhajoji da dama da ake dogaro da su a ofis ba sa iya raba aikinsu ga ƙwayoyi masu yawa. AutoCAD, alal misali, yawancin aikinta a kan ƙwaya ɗaya take yin sa, don haka furosesa mai ƙwaya takwas ta zamani ɗaya da mai goma sha shida kusan gudu ɗaya za su yi mata. Bayan haka, furosesa ita ce sashen da ake iya sauyawa daga baya cikin sauƙi idan an zaɓi allo mai kyau. Gurbin AM4 na kamfanin AMD ya fito a 2016, kuma har a 2024 kamfanin yana fitar da sababbin furosesoshi masu shiga cikinsa. Wanda ya sayi allo nagari a lokacin Ryzen na farko-farko, a lokuta da yawa sabunta BIOS, wato manhajar da ke cikin allon, kawai ya yi ya dasa sabuwa. Wanda ya sayi allon da kamfaninsa ya yi watsi da shi, ko wanda ba zai iya ba furosesa mai ƙarfi wutar da take so ba, shi kam sai ya sake sayen komai.

A nan ne ake ganin cewa madabod shi ne ainihin shawarar da ake yankewa ranar saye. Shi ke ƙayyade irin RAM ɗin da zai shiga da iyakar yawansa. DDR4 da DDR5 duka suna da haƙora 288, amma tsagar da ke tsakiyar sandar ba a wuri ɗaya take ba, don haka ɗaya ba ya shiga gurbin ɗaya. Gurbin LGA1700 na Intel, wanda ya zo a ƙarshen 2021, ana ƙera masa allo mai DDR4 da kuma mai DDR5, amma kusan kowane allo iri ɗaya kawai yake karɓa. AM5 na AMD da ya fito a 2022, da LGA1851 na Intel da ya fito a 2024, DDR5 kaɗai suka sani. Wanda ke haɗa sabuwar na'ura yau a kan allon DDR4 yana iya rage kuɗi, kuma ga ofishin da ke da tarin sandunan DDR4 masu lafiya a ajiye wannan hikima ce. Sai dai ya san cewa ya hau hanyar da ƙarshenta ya kusa, alhali AMD ta yi alƙawarin ci gaba da tallafa wa AM5 har 2027 ko bayanta.

Akwai wata shawara da ake yawan bayarwa a shaguna, wadda ke da daɗin ji amma ta tsufa: ka sayi kaɗan yanzu, ai allon yana da gurbi huɗu, ka ƙara daga baya. A zamanin DDR4 wannan yana tafiya ba tare da wata babbar matsala ba. A DDR5 labarin ya canza. Bisa ƙa'idar da AMD ta wallafa wa Ryzen 7000, sanda biyu suna gudu a 5200, amma idan aka cika gurbi huɗu gudun da kamfanin ya lamunta yana sauka zuwa 3600. Intel ma tana rage nata gudun idan an cika gurabun. Ga kuma matsalar haɗa sandunan da ba tare aka sayo su ba: lamba ɗaya a jikin kwali ba ta nufin ƙwayoyin ciki daga masana'anta ɗaya suke, kuma irin wannan gauraye kan haifar da na'urar da ke tashi yau, gobe ta ƙi. Saboda haka wanda ya san aikinsa zai kai 64GB nan da shekara biyu, gara ya sayi sanda biyu masu 32GB tun yanzu. Tun 2023 ana samun sanduna masu 24GB da 48GB, wato ana iya kai 96GB da sanda biyu kacal. Sanda ɗaya tilo kuwa kuskure ne na daban, domin furosesoshin tebur suna magana da RAM ta hanyoyi biyu a lokaci guda, kuma sanda ɗaya tana rufe rabin hanyar. Littafin allon yana nuna gurabun da za a fara cikawa, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa, kuma ba ƙaramin adadin na'urori ake miƙa wa ofisoshi da sandunan a gurbin da ba nasu ba.

Na san mai riƙe da kasafi zai ɗaga hannu a nan ya ce RAM ya yi tsada. Gaskiya ne. Kamfanoni uku, Samsung da SK Hynix da Micron, su ke ƙera mafi yawan ƙwayoyin RAM na duniya, kuma a ƙarshen 2025 farashin ya yi tashin gwauron zabi saboda cibiyoyin ƙirƙirarriyar basira suna wawashe abin da ake ƙerawa. A nan gida kuma faɗuwar naira tun 2023 ta ninka nauyin. Amma tsadar hujja ce ta a yi lissafi da kyau, a sayi abin da ya dace sau ɗaya. Wanda ya sayi sanda biyu masu 8GB don tsimi, ya dawo bayan shekara ya cire su ya sa manya, ya biya sau biyu. A lissafa kuma albashin injiniya ko akanta da ke ɓata wani yanki na kowace rana yana jiran na'ura, tsawon shekara huɗu ko biyar da za ta yi a teburinsa, a ɗora shi kusa da bambancin farashin 32GB da 64GB.

Batun da ya fi damuna shi ne wanda kusan ba a ambata a kasuwanninmu, wato RAM mai gyara kuskurensa da kansa, wanda ake kira ECC. Duk abin da ke cikin RAM sifili ne da ɗaya, kuma lokaci-lokaci ɗigo ɗaya kan juye, sifili ya koma ɗaya, saboda lahani a ƙwayar ko wani dalili na waje. Idan an yi sa'a, manhajar ta rufe, kowa ya ga an samu matsala. Idan ba a yi sa'a ba, lamba ɗaya ta canza a cikin fayil, aka ajiye shi haka, aka kwafe shi zuwa ma'ajiyar ko-ta-kwana, babu wanda ya sani. RAM mai ECC yana ɗauke da ƙarin ƙwaya da ke riƙe da bayanin tantancewa. A sandar DDR4 ana iya gani da ido: ƙwayoyi tara a jere maimakon takwas. Da wannan ƙarin yake gyara kuskuren ɗigo ɗaya nan take, ya gano na ɗigo biyu ya sanar. A 2009 Bianca Schroeder ta Jami'ar Toronto tare da injiniyoyin Google biyu suka wallafa binciken da suka yi a kan na'urorin kamfanin na tsawon shekara biyu da rabi. Sun gano cewa fiye da kashi 8 cikin ɗari na sandunan suna samun kuskure a kowace shekara, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku na na'urorin suna fuskantar aƙalla kuskure ɗaya a shekara. Abin da ya fi muhimmanci a binciken shi ne yawancin kuskuren daga sanduna masu lahani na dindindin yake fitowa, waɗanda ke maimaita ɓarnar. Wato amfanin ECC bai tsaya ga gyara ba. Shi ne ke gaya wa mai kula da na'urorin ofis cewa wannan sandar ta fara lalacewa, tun kafin ta lalata aikin wata guda. Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiri Linux, ya soki Intel a bainar jama'a a farkon 2021 kan yadda ta daɗe tana keɓe ECC ga kayanta masu tsada, kuma a 2022 aikinsa ya samu tsaiko saboda sandar RAM da ta lalace a kwamfutarsa.

Mai shago zai iya cewa ai DDR5 duka yana da ECC. A yi hattara da wannan magana. Abin da kowane DDR5 ke da shi gyara ne a cikin ƙwayar kanta, wanda masu ƙerawa suka sa domin ƙwayoyin sun ƙanƙance har kuskure ya yawaita a ciki. Ba ya kare bayanin a kan hanyarsa zuwa furosesa, kuma ba ya kai rahoton abin da ya gyara. Cikakken ECC yana buƙatar abubuwa uku su yarda da juna: sandar, furosesar da allon. A ɓangaren Intel, allo mai W680 ne ke buɗe wannan ga wasu furosesoshin Core na zamani na 12 zuwa na 14, W880 kuma ga na bayansu. A ɓangaren AMD, yawancin Ryzen na tebur suna iya aiki da shi, amma sai idan mai ƙera allon ya haɗa wayoyin kuma ya rubuta haka a takardar bayanan allon. Sababbin Xeon W da Threadripper kuwa wani aji ne daban, masu amfani da sandunan da ake kira RDIMM, waɗanda ba sa shiga allon gama-gari. Duk wannan ba a iya gyara shi bayan saye, shi ya sa nake cewa allon ake fara zaɓa.

Shin kowane tebur na buƙatar ECC? A'a. Kwamfutar buga wasiƙa da duba imel ba ta buƙatarsa, kuma wanda ya ce ofis ba Google ba ne yana da gaskiya ta fuskar yawan na'urori. Amma abin dubawa shi ne darajar abin da ke ratsa RAM ɗin. Na'urar da ake lissafin ƙarfen rodin bene a kanta, ko albashin dubban ma'aikata, ko wadda ke kwana tana fitar da fim, kuskure ɗaya a cikinta ya fi ƙarfin bambancin farashin allo.

Daga nan sai allunan 'yan wasan kwamfuta, masu fitilu kala-kala da sunaye masu ban tsoro, waɗanda ake nuna wa mai saye a matsayin ƙololuwar inganci. Wasunsu lallai an gina su da kayan kirki. Matsalar ita ce abin da aka gina su dominsa, wato matse ƙarin gudu daga na'ura. Lambar da ke jikin kwalin RAM, 6400 ko 7200, yawanci ba a samun ta sai an kunna XMP ko EXPO a BIOS, kuma wannan tura na'ura ne fiye da ƙa'idar da mai ƙera furosesa ya lamunta. Ribar da aikin ofis ke samu daga haka ƙarama ce, haɗarin kuwa an gan shi. A 2023 wasu furosesoshin Ryzen 7000X3D sun ƙone a gurbinsu saboda wutar da wasu alluna ke tura wa wani sashe nasu ta yi yawa, har AMD ta sa aka ƙayyade ta a kan volt 1.3 ta hanyar sabunta BIOS. A 2024 Intel ta amsa cewa wasu furosesoshinta na zamani na 13 da na 14 suna lalacewa saboda yawan wuta, ta fitar da gyara, ta ƙara shekara biyu a kan garantinsu, ta kuma buƙaci masu ƙera alluna su koma kan saitin wutar da ta ƙayyade, domin da yawansu suna fitowa daga kwali da saitin da ya wuce shi. Mai saye a Amurka ko Jamus zai mayar da kayan a ba shi sabo. Mai saye a Gusau ko Maraɗi, wanda kayansa suka bi ta hannun dillali uku kafin su iso, garantin nan a takarda kawai yake gare shi. Saboda haka na'urar aiki ta zauna a kan gudun ƙa'ida da saitin wuta na asali, a kuma zaɓi RAM daga jerin sandunan da mai ƙera allon ya gwada ya wallafa a shafinsa.

Yanayinmu yana ƙara wa hujjar nauyi. A watan Afrilu zafin Kano da Sakkwato da Maiduguri kan haura digiri 40, kuma ba kowane ofis ke da sanyaya ɗaki duk yini ba. A gefen gurbin furosesa akwai jerin ƙananan na'urori da ke sauke wuta zuwa ma'aunin da furosesar ke sha. A allo mai araha tsirara suke, ba ƙarfen da ke ɗauke musu zafi, kuma idan suka yi zafi sai su tilasta wa furosesar rage gudu. Ƙurar hunturu kuma tana shiga ta lulluɓe su. Mai saye ya ɗauki allon a hannu ya duba: akwai ƙarfe mai kauri a kan wannan jeri ko babu? Ga kuma wuta. Wanda ya ga yadda yawancin Arewa ta kwana fiye da mako guda cikin duhu a Oktoban 2024 ya san cewa janareta da inbata su ne abin dogaro, kuma kowane sauyi daga wutar gwamnati zuwa janareta girgiza ce ga na'ura. Ɗaukewar wuta a tsakiyar sabunta BIOS na iya kashe allo gaba ɗaya. Wasu alluna suna da maɓalli a bayansu da ke sake loda BIOS daga filashi ko da na'urar ta ƙi tashi, kuma a wurinmu wannan ɗan maɓalli ya fi dukan fitilun ado amfani. UPS mai daidaita wuta da akwatin wuta na kirki su ma cikin kuɗin kwamfutar suke tun farko.

Wani zai ce duk wannan wahala ce, a sayi haɗaɗɗiya kawai daga Dell ko HP ko Lenovo. Ban ƙi ba. Idan ofis zai iya sayen sabuwar Precision ko Z ko ThinkStation daga wakili na gaskiya mai garanti a cikin ƙasa, sau da yawa ya fi haɗawa a shago, domin kamfanin ya riga ya gwada allon da RAM ɗin tare. Amma tambayoyin ba su canza ba: nawa ne RAM, sanda nawa, mai ECC ne, gurbi nawa ya rage? Na hannu kuma, irin su HP Z440 da ke yawo a kasuwa da farashi mai jan hankali, suna da ECC da jiki mai ƙwari, sai dai furosesarsu ba ta cikin jerin da Windows 11 ta amince da su, kuma Microsoft ta daina tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoba, 2025. Ga mai aiki da Linux ko na'urar da ba ta taɓa intanet, ciniki ne mai kyau. Ga ofishin da ke riƙe da bayanan jama'a, a yi tunani sau biyu.

Gyaran yana hannun mai rubuta takardar saye, kuma ba ya cin ko sisi. A rubuta cikakken sunan allon da lambarsa. A rubuta jimillar RAM, adadin sanduna, irinsu, da ko ECC ake so. A rubuta yawan gurbin M.2, inda ake dasa SSD, da ake buƙata, domin a wasu alluna cika gurbi na biyu yana kashe wasu ramukan faifai na SATA, kuma littafin allon ne kaɗai ke faɗa. A sa sharaɗin cewa ba za a sa hannu a takardar karɓar kaya ba sai an buɗe akwatin an gwama abin da ke ciki da abin da aka rubuta, sannan an bar MemTest86, wadda ake samun ta kyauta, ta zagaya RAM ɗin har ta gama ba tare da kuskure ko ɗaya ba. Idan ta nuna kuskure, a mayar wa ɗan kwangila kayansa tun kuɗin bai bar asusun ofis ba.